Darasi: Killace Gidajen Masu Ƙaramin Ƙarfi Daga Sanyi da Zafi a Amurka

A jihohin arewacin Amurka, irin su Maine da Minnesota da Michigan, inda sanyin hunturu kan sauka ƙasa da digiri 20 a ƙarƙashin sifili, ɗumama ɗaki yana sahu ɗaya da abinci da magani, domin gidan da murhun ɗumamarsa ya mutu a watan Janairu ruwa na iya daskarewa a bututunsa cikin dare ɗaya, tsoho ko jaririn da ke kwance a cikinsa kuma yana iya rasa ransa. A jihohin kudu da manyan birane matsalar takan juya ta zama ta zafi, kamar yadda aka gani a watan Yulin 1995, lokacin da zafin 'yan kwanaki ya hallaka mutane fiye da 700 a birnin Shikago, akasarinsu tsofaffi da matalauta da ke zaune su kaɗai a ɗakunan da ba su da na'urar sanyaya iska. Kusan rabin makamashin da gidajen ƙasar ke amfani da shi yana tafiya ne wajen ɗumama ɗaki da sanyaya shi, kuma abin da ake nufi da makamashi a nan shi ne wutar lantarki da iskar gas da man ɗumama da duk abin da ake ƙonawa don a samu zafi ko haske.

Hanya biyu gwamnati ke bi ta taimaki iyalin da kuɗin makamashi ya fi ƙarfinsu. Ta farko ita ce ta biya musu wani ɓangare na kuɗin, abin da ke kawo sauƙi nan take amma sai an maimaita shi kowace shekara. Ta biyu ita ce ta gyara gidan kansa, ta toshe kafofin da ɗumi ke sulalewa ta cikinsu, ta yadda iyalin za su buƙaci makamashi kaɗan daga ranar har zuwa shekaru masu yawa. Wannan hanya ta biyu ita ake kira killace gida daga sanyi da zafi, kuma ita ce jigon wannan darasi.

Nauyin makamashi

Masana suna auna wahalar iyali da wani ma'auni da ake kira nauyin makamashi, wato kason da kuɗin makamashi ke cinyewa daga abin da iyalin ke samu a shekara. A ɗauka ga iyali biyu a gari ɗaya: na farko yana samun dala 100,000 a shekara yana biyan dala 3,000 kuɗin wuta da gas, na biyu kuwa yana samun dala 20,000 yana biyan dala 2,000. A ido iyali na farko ya fi kashe kuɗi, amma nauyinsa kashi 3 cikin 100 ne kawai, alhali na biyu yana ɗauke da kashi 10 cikin 100. A Amurka ana ɗaukar duk nauyin da ya wuce kashi 6 cikin 100 a matsayin mai yawa, wanda ya wuce kashi 10 kuma mai tsanani, kuma ƙididdigar Ma'aikatar Makamashi ta ƙasar ta nuna cewa nauyin da ke kan masu ƙaramin ƙarfi ya kai kusan ninki uku na wanda ke kan sauran jama'a.

Ƙarancin samu shi kaɗai bai isa ya bayyana wannan rata ba. Talaka ya fi zama a tsohon gida wanda aka gina kafin a kafa dokokin tattalin makamashi, mai tagogi masu rauni da murhun ɗumama da ya tsufa, ko kuma a irin gidajen nan marasa kauri da ake ƙerawa a masana'anta a jawo su da mota a girke a fili. Saboda haka yakan ƙona makamashi mai yawa a kan kowane taku na faɗin ɗakinsa fiye da mai hali, ya kuma kwana cikin sanyi duk da haka. Biya wa irin wannan gida kuɗin wuta kowace shekara ba tare da an taɓa ginin ba daidai yake da zuba ruwa a tulu mai yoyo. Idan kuɗi ya ƙare a tsakiyar wata, iyalai kan rage cin abinci ko su jinkirta sayen magani, wasu kuma su buɗe murhun girki na gas su bar shi yana ci don ɗaki ya yi ɗumi, dabarar da kan jawo gobara da shaƙar iska mai guba.

Asalin shirin

A watan Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin man fetur suka dakatar da sayar wa Amurka mai saboda goyon bayan da ta ba Isra'ila a yaƙin da aka yi a watan, kuma cikin 'yan watanni farashin gangar ɗanyen mai ya tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12. Jihohin arewa maso gabas, inda gidaje da yawa ke ɗumama da mai, su suka fi jin jiki. A jihar Maine ƙungiyoyin taimakon al'umma suka fara shiga gidajen tsofaffi da matalauta suna lulluɓe tagogi da leda, suna cike tsagogi, kuma da aka ga amfanin aikin sai Majalisar Dokokin ƙasar ta mayar da shi shirin ƙasa baki ɗaya a cikin wata dokar tattalin makamashi wadda Shugaba Gerald Ford ya sa wa hannu a watan Agustan 1976. An fi sanin shirin da taƙaitaccen sunansa WAP, kuma yana ƙarƙashin Ma'aikatar Makamashi, wadda ita kanta aka kafa a 1977.

Kuɗin yana fitowa daga gwamnatin tarayya zuwa jihohi 50 da babban birnin ƙasar da yankunan da ke ƙarƙashinta da al'ummomin 'yan asalin ƙasar, bisa lissafin da ke duba yawan matalauta da tsananin yanayin kowane wuri. Jihohi kuma su miƙa aikin ga ɗaruruwan ƙungiyoyi na cikin gari, akasarinsu ƙungiyoyin taimakon al'umma da aka kafa tun 1964 lokacin da Shugaba Lyndon Johnson ya ƙaddamar da yaƙi da talauci. Su ne ke karɓar takardun masu nema, su tura ma'aikatansu ko 'yan kwangila, kuma iyalin ba sa biyan ko sisi. A 1981 aka kafa wani shiri na daban mai suna LIHEAP a ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya da Walwalar Jama'a, wanda shi ne ke taimakawa da biyan kuɗin wuta da gas, kuma doka ta ba jihohi damar karkatar da kashi 15 cikin 100 na kuɗinsa, ko har kashi 25 idan sun nemi izini, zuwa aikin killace gidaje.

Wanda ya cancanci shiga shirin WAP shi ne iyalin da samunsu bai wuce ninki biyu na ma'aunin talauci na tarayya ba. A 2024 ma'aunin ya kasance dala 31,200 ga iyali mai mutum huɗu a yawancin jihohi, don haka iyakar ta zama dala 62,400. Da yake masu nema sun fi kuɗin yawa, ana fara duba tsofaffi da naƙasassu da iyalai masu yara da gidajen da nauyin makamashinsu ya fi tsanani. Daga 1976 zuwa yau shirin ya taɓa gidaje fiye da miliyan 7.

Ta ina ɗumi ke fita

Zafi kullum yana tafiya daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci, kuma yana da hanya uku. Yana ratsa jikin abu, kamar yadda yake bi ta bango da gilashin taga. Yana bin iska mai motsi, ya fita tare da ita ta kowace kafa. Yana kuma tafiya a matsayin haske, kamar zafin rana da ke sauka a kan rufi. A gidan katako irin na Amurka hanya ta biyu tana da girma fiye da yadda mai gida ke zato, saboda wani hali na iska mai ɗumi: ta fi mai sanyi rashin nauyi, don haka takan tashi sama ta matsa wa silin, ta sulale ta ramukan wayoyin lantarki da gefen bututu da bakin ƙofar da ake bi a hau saman silin. Duk iskar da ta fita ta sama kuwa sai wata ta maye gurbinta, kuma wannan sabuwar iska mai sanyi tana shigowa ne ta ƙasa, ta ƙarƙashin ƙofa da gindin bango. Mai gida yana jin sanyi a ƙafarsa sai ya ɗora laifin a kan ƙofa da taga, alhali babbar ɓarakar tana can sama da kansa inda ba ya gani.

Wannan fahimta ce ta sauya tsarin aikin. A shekarun farko ana ba tagogi da ƙofofi muhimmanci domin su ake gani, amma daga baya aka gane cewa toshe kafofin saman silin da shimfiɗa shamakin zafi a wurin sun fi kawo sauƙi a kan kuɗi kaɗan. Shamakin zafi shi ne duk wani abu mara nauyi mai riƙe iska a cikin ƙananan gurabe, wanda ke hana zafi ratsawa da sauri. Wanda shirin ya fi amfani da shi ana yin sa ne da tsofaffin jaridu da aka niƙa, aka gauraya da sinadarin da ke hana su kama wuta ya kuma kori ƙwari, sai a hura shi da inji ta cikin mesa mai kauri zuwa saman silin ko cikin ramin bango. Akwai kuma na zaren gilashi mai kama da auduga. Ana auna ƙarfin shamaki da lambar da ake kira R, kuma gwargwadon girman lambar gwargwadon yadda yake tare zafi. Abin lura shi ne shamaki ba ya tsayar da iska mai motsi, saboda haka idan aka shimfiɗa shi a kan kafofin da ba a toshe ba, iskar za ta ratsa shi ta wuce. Dole toshewa ta riga shimfiɗawa.

Ranar bincike

Ba a fara aiki a kowane gida sai mai binciken makamashi ya zo, wato ma'aikacin da aka horar ya auna gida ya gano inda yake asara. Babban kayan aikinsa ita ce fankar gwaji. Yakan buɗe ƙofar waje ya kafa wani firam mai tamfol a bakinta yadda zai rufe ta ruf, da babbar fanka a tsakiyar tamfol ɗin, sannan ya rufe dukkan tagogi, ya buɗe ƙofofin ciki, ya kashe duk wani abu mai ƙona gas ko mai. Idan ya kunna fankar sai ta riƙa zuƙe iskar gidan tana fitarwa waje har matsin iskar ciki ya gaza na waje da faskal 50, faskal kuwa shi ne ma'aunin matsin iska, kuma wannan adadi ya yi kusan daidai da a ce iska mai gudun kilomita 30 a sa'a tana bugun gidan ta kowace fuska a lokaci ɗaya. A wannan hali iskar waje takan kutso ta kowace kafa, labule ya fara motsi, a ji fito a gefen soket, mai binciken kuma ya zagaya da ɗan sanda mai fitar da hayaƙi siriri yana kallon inda hayaƙin ke karkata. Na'urar da ke haɗe da fankar tana nuna yawan iskar da ake zuƙewa a minti ɗaya, kuma wannan lamba ita ce shaidar yawan yoyon gidan, wadda za a sake aunawa bayan an gama aiki don a ga ko ta sauka.

Yakan kuma riƙe kyamarar gano zafi, wadda ke nuna wuri mai ɗumi da launi mai haske, mai sanyi kuma da launi mai duhu, ta yadda bangon da ba shi da shamaki a ciki zai bayyana ba tare da an fasa shi ba. Daga nan sai ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya gwada murhun ɗumama da tukunyar dafa ruwan wanka, ya duba manyan bututun da ke kai iska mai ɗumi ɗakuna, domin sau da yawa mahaɗarsu kan saki su riƙa zubar da ɗumin a inda ba kowa. Yana duba firji, saboda tsohon firji na iya shan wuta ninki biyu ko fiye na sabo, yana kuma ƙirga ƙwayayen fitila, tun da ƙwan zamani na LED yana shan ƙasa da rubu'in wutar da tsohon ƙwai mai zare ke sha.

Duk abin da ya auna sai ya shigar da shi cikin wata manhajar kwamfuta, irin wadda cibiyar bincike ta Oak Ridge da ke jihar Tennessee ta tsara, ita kuma ta jera gyare-gyaren bisa ma'aunin riba. Ma'aunin riba shi ne a raba kuɗin da gyara zai tsimi wa iyali a tsawon rayuwarsa da kuɗin da za a kashe wajen yin sa, kuma ƙa'idar shirin ita ce ba a yin gyaran da sakamakonsa ya gaza 1. Misali, idan shamakin saman silin zai ci dala 1,500 ya riƙa tsimin dala 150 a shekara har shekara 20, jimillar tsimin dala 3,000 ce, sakamakon kuma 2. Idan sauya tagogi zai ci dala 6,000 ya tsimi dala 120 a shekara a tsawon wannan lokaci, jimillar dala 2,400 ce, sakamakon bai kai rabi ba. A lissafin gaske ana ɗan rage darajar kuɗin shekarun gaba, amma ma'anar ba ta canzawa. Wannan ne dalilin da ya sa masu gida da yawa ke jin takaici idan aka ce ba za a sauya musu tagogi ba, ga shi kuma su abin da suka fi so ke nan. Ƙa'idar tana da gaskiya a nan, domin kuɗin tagogin gida ɗaya zai iya sa shamaki a saman silin na gidaje huɗu, kuma doka ta ƙayyade matsakaicin abin da jiha za ta kashe a kan kowane gida, adadin da aka ɗaga zuwa dala 6,500 a 2009, ya kuma haura dala 8,000 a 'yan shekarun nan.

Haɗarin gidan da aka toshe

Gidan da ke yoyon iska yana asarar kuɗi, amma yoyon nan yana fitar da danshi da hayaƙi ba tare da kowa ya sani ba, don haka toshe shi ba da ilimi ba na iya zama garin neman gira a rasa ido. Babban abin tsoro shi ne kabon monoksaid, iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, wadda ke fitowa idan gas ko mai ko gawayi bai ƙone sosai ba, kuma ita ce dai ke kashe iyalan da suka kwana da janareta ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Idan gida ya matse, fankar kicin ko ta banɗaki na iya jawo hayaƙin tukunyar ruwa ya komo cikin gida maimakon ya fita ta bututun hayaƙi. Saboda haka ake gwada kowane abu mai ƙona mai ko gas kafin aiki da bayansa, a maƙala ƙararrawar gano wannan guba da ta gano hayaƙi, a kuma sa ƙaramar fanka mai fitar da gurɓatacciyar iska a hankali idan lissafi ya nuna gidan ya matse fiye da kima. Waɗannan kuɗaɗe na lafiya ba a sa su a ma'aunin riba, ana yin su ne dole. A gidajen da aka gina kafin 1978, shekarar da aka haramta fentin gida mai dalma, ma'aikata kan killace wurin aiki da leda don kada ƙurar fentin ta kai ga yara, tun da gubar dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro.

Ƙasar Ostireliya ta nuna abin da gaggawa ke jawowa a irin wannan aiki. A 2009 gwamnatinta ta ƙaddamar da shirin sa shamakin zafi a gidaje masu ɗimbin yawa cikin ɗan lokaci, kamfanoni marasa ƙwarewa suka yi ca a kai, matasa huɗu masu aikin suka mutu, uku daga cikinsu ta hanyar jan wutar lantarki, aka kuma samu gobara a gidaje da dama, har aka rufe shirin a watan Fabrairun 2010. Amurka ma ta ɗanɗana wani abu makamancin haka, ko da yake bai kai wannan muni ba, lokacin da dokar farfaɗo da tattalin arziki ta 2009 ta zuba wa shirin dala biliyan 5 a lokaci ɗaya. An killace kimanin gidaje miliyan ɗaya cikin 'yan shekaru, amma masu binciken gwamnati sun tarar da aikin ha'inci da na sakaci a wasu jihohi, abin da ya sa daga baya aka rubuta ƙa'idojin aiki na bai ɗaya, aka kuma wajabta cewa sufeto mai takardar shaida ya duba kowane gida kafin a ce an gama.

Waɗanda ake bari a baya

Mafi ɗacin al'amarin shirin shi ne abin da ake kira jinkirtawa. Idan mai bincike ya tarar rufi yana yoyo, ko fumfuna ta cinye bango, ko wayoyin lantarki tsofaffi ne da ba za a iya binne su cikin shamaki ba, ko akwai asbesto, wani ma'adini mai zare da ake sawa a tsofaffin gine-gine wanda ƙurarsa ke jawo cutar huhu, to ba zai yarda a yi aiki ba sai an gyara matsalar. Dalilinsa mai ƙarfi ne, domin shamakin da ruwan sama ya jiƙa ba shi da amfani. Sai dai kuɗin shirin na tattalin makamashi ne, ba a ware shi don sabon rufi ba, iyalin da suka kasa biyan kuɗin gas kuwa ba su da inda za su samo kuɗin rufi. Ta haka gidajen da suka fi kowa lalacewa, waɗanda mazaunansu suka fi kowa buƙata, su ne ake mayarwa baya, kuma da yawa ba sa sake dawowa. A 2022 Majalisa ta fara ware wani ɗan asusu na musamman don irin waɗannan gyare-gyare na share fage, mataki mai kyau wanda ya zo a makare, kuma kuɗinsa bai kusa kai girman matsalar ba.

'Yan haya ma suna cikin tsaka mai wuya. Mai gida shi ke da ikon gyara amma ba shi ke biyan kuɗin wuta ba, ɗan haya shi ke biya amma ba shi da ikon taɓa ginin, don haka babu mai ƙwarin guiwar kashe kuɗi a cikinsu. Shirin yana karɓar gidajen haya idan mai gidan ya sa hannu, tare da sharaɗin ba zai ƙara kuɗin haya saboda gyaran ba har wani lokaci, kuma a babban bene mai ɗakuna da yawa ana buƙatar kashi 66 cikin 100 na mazaunan su kasance sun cancanta. Gidan da aka taɓa killacewa kuma ba ya sake shiga layi sai bayan shekara 15. A shekarar da ba a samu ƙarin kuɗi na musamman ba, kuɗin Ma'aikatar Makamashi yana isar gidaje kimanin 35,000 ne kawai, alhali waɗanda suka cancanta sun kai miliyoyi masu yawa, kuma ko dala biliyan 3.5 da dokar gina ƙasa ta 2021 ta ƙara ba ta rufe ratar ba.

Gardama a kan riba

Ma'aikatar Makamashi, bisa nazarin da cibiyar Oak Ridge ta yi, tana cewa gidan da aka killace yana tsimin kimanin dala 372 a shekara, kuma kowace dala ɗaya da aka kashe tana dawo da dala 1.72 ta fuskar makamashi da dala 2.78 ta wasu fuskoki, musamman lafiya, wato raguwar zuwa asibiti saboda asma da raguwar ranakun da ake fashin aiki ko makaranta. Amma a 2015 wasu masana tattalin arziki uku, Meredith Fowlie da Michael Greenstone da Catherine Wolfram, suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a kan gidaje kusan 30,000 a jihar Michigan, inda suka tarar cewa aikin ya rage amfani da makamashi da kashi 10 zuwa 20 cikin 100, amma abin da kwamfuta ta yi hasashe ya ninka abin da aka samu a zahiri fiye da sau biyu, kuɗin da aka kashe kuma ya kai kusan ninki biyu na tsimin da aka samu. Sun kuma lura cewa duk da bin mutane gida gida da taya su cike takardu, ƙasa da kashi 6 cikin 100 na waɗanda aka zuga ne aka kai ga yi wa aikin, alamar cewa yawan takardu da jira su ma tsada ne ga talaka ko da aikin kyauta ne.

Binciken ya tayar da ƙura, kuma kowane ɓangare yana da abin kamawa. Masu kare shirin sun ce jiha ɗaya ce aka duba, a lokacin da gas ke da araha kuma ake aiki cikin gaggawar kuɗin 2009, sannan ba a lissafa amfanin lafiya ba. Wani bincike da aka yi daga baya a jihar Illinois ya nuna cewa babban ɓangare na ratar da ke tsakanin hasashe da zahiri ya samo asali ne daga bambancin ingancin aikin 'yan kwangila da kuma kuskuren manhajar wajen ƙiyasta wasu gyare-gyare, abubuwa biyu da ake iya gyarawa. Hukuncin da ya fi dacewa shi ne shirin ya cancanci a ci gaba da shi, domin ba a kafa shi don riba kawai ba, kuma tsohuwar da ta daina kwana da rigar sanyi uku ta samu wani abu da takardar kuɗin gas ba za ta nuna ba. Amma wannan ba hujja ba ce ta ƙin aunawa. Kuɗin talakawa ne, kuma duk gyaran da ba ya haifar da abin da aka yi alkawari ya hana wani gida da ke layi samun nasa, don haka wajibi ne a riƙa gwada hasashen kwamfuta da takardun kuɗin wuta na gaske, a kuma biya ɗan kwangila bisa lambar da fankar gwaji ta nuna bayan ya gama.

Abin da ya shafi ƙasar zafi

Dokokin tafiyar zafi ɗaya ne a ko'ina, sai dai a ƙasar Hausa alƙiblar takan juya a yawancin shekara, domin zafin daga waje yake shigowa, kuma ta rufi ya fi shigowa. Ɗakin kwano mara silin yana sauke zafin rana kai tsaye a kan mazaunansa, alhali ginin ƙasa mai kaurin bango da rufin soro yana jinkirta zafin har yamma ta yi. Silin mai kyau da kafofin da iska mai zafi za ta fita daga samansa, da farin fenti a kan kwano, da inuwar bishiya a bangon yamma, su ne takwarorin shamakin zafi a nan, kuma lissafinsu ya ƙara muhimmanci tun da aka ɗaga farashin wuta ga masu rukunin A a Nijeriya, wato waɗanda suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024. Toshe kafofin iska kuwa bai dace ba sai a ɗakin da ke da na'urar sanyaya iska, domin ɗakin da ya dogara da taga da fanka yana buƙatar iska ta shiga ta wannan gefe ta fita ta wancan, kuma ko a tsakiyar hunturu bai kamata a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki ba.

Kafin zama na gaba, ana buƙatar kowane ɗalibi ya haɗa abin da gidansu ya kashe a wata ɗaya kan wutar lantarki da man janareta da gas da kananzir da gawayi ko itace, ya raba jimillar da abin da gidan ya samu a watan, ya ninka da 100, sannan ya zo aji da lambar tare da bayanin irin rufin ɗakin da yake kwana da ko yana da silin, domin da waɗannan lambobi na gaske za a yi lissafin ma'aunin riba a kan allo.